Faifan da Maƙwabcina Ya Zaɓar Mini

Ni tela ne. Ina gama firamare na shiga shagon yayana a Kaduna, ban sake zama a aji ba. Karatun matata ne ya kai ni Kuala Lumpur. Ita malamar kwaleji ce, gwamnati ta tura ta ƙaro ilimi a wata jami'a da ke Jalan Semarak, ni kuma na bi ta da kan keken ɗinkina a cikin akwati, na naɗe shi da tsofaffin zannuwa uku don kada ya karye a hanya. Muka kama gida a hawa na shida a Taman Melati. Kafin shekara ta zagayo mutanenmu na gida da ke garin sun san ni, wannan ya kawo wando a rage masa ƙafa, wancan ya kawo kaftanin da ya matse shi, wata ta kawo ɗinkin suna. Sai korona ta zo, aka sa dokar kulle, ɗinki ya tsaya cak.

Ban iya zama ba aiki ba. Matata tana cikin ɗaki daga safe har yamma tana karatu ta kwamfuta, malamanta suna jin duk motsin gidan, don haka ko keken ba damar in taka in ji ƙararsa. Na wanke abin wankewa, na sake wanke shi. In na sauka kedai, wato ɗan shagon unguwa, na sayo albasa, sai in wanke ledar da sabulu, in wanke makulli, sannan in zauna ina ƙirga mutum nawa ke giftawa a hanya da wanda ya yi tari a cikinsu. Dama haka Allah ya yi ni. Ko a gida nakan kulle shago in kai bakin titi, in dawo in sake taɓa kwaɗon.

Maƙwabcinmu na hawa na bakwai ɗan Kaduna ne shi ma, yana digiri na uku a kan injina, iyalinsa suna gida. Na girme shi da kusan shekara takwas. Yana ce mini Yaya Tela, ni kuma ina ce masa Dakta tun bai zama ba. Kafin kulle kusan kowace Juma'a mukan zauna a mamak ɗin da ke ƙasan gidanmu, inda Indiyawa ke sayar da shayi da gurasa, ya yi ta ba ni labari ina saurare. Cikin duk masu digirin da na sani a garin, shi kaɗai ne in yana mini magana ba ya sassauta murya kamar mai yi wa yaro bayani. Yana musu da ni, yana zolayata, in na faɗi abin da bai sani ba ya ce bai sani ba. Wannan ya sa na riƙe shi aboki, kuma ba ni da wani bayan shi a can.

Da kulle ya yi nisa, ta tagar kicin na fara jiyo kiɗansa da rana. Jita ce mai ƙara, kamar ana yaga sabuwar shadda, da ganguna masu nauyi a ƙarƙashinta. Na kira shi na tambaya. Ya ce sunansa kiɗan rok, na Turawa ne, yawanci an yi shi tun kafin a haife mu, kuma a wani shagon tsofaffin faya-fayai da ke Brickfields yake tsinto su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce in ina so zai shigar da ni a hankali. Ƙungiyar mawaƙa huɗu zai fara mini da su, kowace faifai ɗaya, kuma shi da kansa zai zaɓa, don ba kowane faifai ake fara ba baƙo ba. Na tambaye shi ko akwai batsa ko saɓo a ciki, tunda ni ba na jin Turancin waƙa. Ya ce zai zaɓo waɗanda mutum zai iya ji a gaban surukarsa. Muka yi dariya, na amince.

Sharaɗin da na kafa masa shi ne abin da har yau nake zargin kaina a kansa. Na ce kada ya kawo mini kwali ko takarda, don ba a iya wanke takarda, kuma na ji ana cewa cutar tana kwana a jikin kaya. Faifan tsura nake so. Haka muka yi. Sai ya zare faifan daga gidansa ya sa a leda, ya rataye a hannun ƙofarmu, ya ƙwanƙwasa sau biyu ya haye sama. Ni kuma in jira takunsa ya ɓace, in ɗauko, in goge shi da auduga da man goge hannu, in bar shi a bakin taga ya sha iska. Akwai wata tsohuwar rediyo mai cin faifai da wanda ya riga mu zama a gidan ya bari. Da ita nake ji, da abin sawa a kunne, ina zaune a kan kujerar keke.

Tunda ba takarda, ban san sunan kowace waƙa ba. Na samu littafin awo da ya rage shafuka, na riƙa rubuta su da lamba. Ta ɗaya, ganga ce ta fara, jita ta biyo ta, mutumin yana fushi. Ta biyu, yana roƙo. Ta biyar, su biyu suna amshi kamar masu daka. In na gama sai in aika masa saƙon murya in faɗa masa abin da na ji, don rubutu a waya yana ɗaukar mini lokaci kuma ina jin kunyar kuskure. Ba ya daɗewa yake amsawa. Kullum tambayarsa ɗaya ce, me na ji kuma, in ci gaba. Na yi shekara arba'in da wani abu a duniya ba wanda ya taɓa tambayata me na ji a kan wani abu in ba yadi ba. Sai na zage. Wata ranar saƙo uku nake aikawa, har matata ta ce ta ga na samu makaranta ni ma.

Faifai na ɗaya da na biyu sun wuce lafiya. Na ukun ne ya tsayar da ni. Waƙa goma sha biyar ce a ciki. Abin da na fara lura da shi, sautin ba iri ɗaya ba ne. Na farko-farko siririn sauti gare su, kamar daga cikin gwangwani suke fitowa, na ƙarshe kuma sun cika kunne. Nan take na ce shi ke nan, man da nake gogawa ya cinye wa mutum faifai. Kwana biyu ina ɗaga shi a haske ina neman tabo, ina shirya yadda zan faɗa masa. A rana ta uku na daure na kira shi na ba shi haƙuri. Ya yi dariya sosai, ya ce faifan ba abin da ya same shi, haka yake. Bai ƙara komai a kai ba. Ya ce in ci gaba da ji, in faɗa masa me nake gani ya jawo hakan.

Ni abin da na sani tun ina yaro a shago, mawaƙi yakan zauna da makaɗansa da 'yan amshinsa a yi kaset a zama ɗaya, daga waƙar farko zuwa ta ƙarshe. Don haka na ɗauka waɗannan mutanen ma ɗaki suka shiga wata rana suka yi waƙa goma sha biyar suka fito. Da wannan tunanin na koma na sake ji, sai na ji abin da ya fi sautin damuna. Daga ta ɗaya zuwa ta shida muryar mawaƙin garau take, tana hawa inda take so. Daga ta bakwai ta fara dushewa. A farkon ta tara, kafin kiɗa ya shigo, ana jin ya ja numfashi kamar mai hawa bene da buhu a ka. Ta goma a hankali ya yi ta, ba ganga ko ɗaya. Daga ta goma sha ɗaya kuma wani mutum ne daban yake waƙar. Muryarsa ta fi ƙuruciya, amma yana jan ƙarshen kalma yadda na farkon yake ja, kamar yana ƙoƙarin kada a gane an canza.

Na ji faifan nan ya fi sau talatin, na rubuta a littafi. Abin da na yanke shi ne, mutumin ciwo ya kama shi ana cikin aikin, ya daure har waƙa ta goma, ya kasa, sai ƙanensa ya karɓa ya ƙarasa masa biyar ɗin da suka rage a muryar da ta yi kama da tasa.

Akwai dalilin da ya sa na ji shi haka. Ina da shekara goma sha tara, saura kwana goma Sallah, ciwon ƙirji ya kwantar da yayana. Ya riga ya yanka kayan mutane, suna jibge a kan tebur, kowanne da sunan mai shi da alli. A sana'armu in tela ya kwanta da aiki a hannu, ƙanensa ko maƙwabcin shagonsa ne ke ƙarasawa, kuma ba da hannun kansa zai yi ba. Wuyan riga irin na mai shagon zai fitar, aljihu inda yake sawa, ɗinkin hannu yadda yake juya shi, kuma ba ya faɗa. Na ƙarasa su duka. Ranar Sallah mutane suka riƙa zuwa gaishe shi sanye da kayan, suna yaba hannunsa, yana kwance yana kallona yana amsa musu. Bayan Sallah da kwana huɗu ya rasu. Ban taɓa gaya wa kowa waɗanne ne nawa a cikin kayan nan ba, ko matata ba ta san zancen ba.

Dakta na gaya wa. Saƙon ya yi minti goma sha ɗaya. Ina aikawa na yi da-na-sani, na je zan goge, na tarar ya riga ya buɗe. Ya amsa da cewa shekararsa goma yana jin faifan nan, bai taɓa haɗuwa da wanda ya ji shi kamar yadda na ji ba. Na ji daɗin maganar ƙwarai. Na sake sauraronta sau uku.

Bayan kwana biyu ya ce akwai taron da suke yi duk Asabar bayan la'asar ta kwamfuta, su bakwai ko takwas, 'yan gida ne masu son irin wannan kiɗan, wasu ɗalibai wasu ma'aikata, kuma yana so in zo in yi musu bayanin faifai na uku. Na ƙi har sau biyu. Na ce ni wa zan koya wa abu a cikin masu digiri. Ya ce ai abin da ba su da shi ke nan, kunne irin nawa. Na yarda. Mako guda na yi ina shiri, na kwafe abin da ke littafin awo a sabuwar takarda da manyan baƙaƙe, na karanta wa bango sau da yawa. Ranar Asabar na goge farin kaftanina na sa hula. Matata ta kawo kwamfutarta falo, ta kunna mini, ta gyara labule don fuskata ta fito, ta ce in faɗi abin da na ji kawai, ta koma ɗaki ta rufe ƙofa don kada in ji kunyarta.

Tun daga gaisuwa na ji wani abu. Fuskokin nan ban taɓa ganin ko ɗaya ba in ban da ta Dakta, amma suka tare ni kamar tsohon sani, kowa yana Tela, Tela. Wani dattijo mai furfura a gemu, wanda na lura shi ne babbansu, ya ce sun daɗe suna jirana. Na ɗauka karamci ne. Na yi sallama na fara. Na bi waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya. Da na iso ta tara na ce a farkonta ana jin ya ja numfashi, sai wani mai tabarau ya riga ni.

"Kamar mai hawa bene da buhu a ka," in ji shi.

Aka yi dariya. Ni ban yi ba, don kalmomina ne, ba ƙari ba ragi, kuma mutum ɗaya na taɓa faɗa wa su. Na ce wa raina wataƙila Dakta ya ambata musu a hira. Na duba takardata na ci gaba, har na kai ga ciwon mawaƙin da ƙanensa da ya karɓa. Ban kawo zancen yayana ba, dama ban yi niyya ba.

Dattijon ya bari na kai aya, sannan ya yi mini bayani, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, cikin mutunci ya yi. Ya ce faifan da aka ba ni ba zama ɗaya aka yi shi ba. Kamfani ne ya bi faya-fayan ƙungiyar na kusan shekara ashirin, ya tsinci waƙoƙin da suka fi karɓuwa, ya jera su wuri ɗaya. Shi ya sa sautin ya bambanta, na farkon da tsofaffin na'urori aka ɗauke su. Muryar mutumin shekaru ne da sigari suka dusar da ita. Bai kwanta ciwo ba, faɗa suka yi da mai jita ya fice, kuma yana nan da ransa. Wanda ya maye gurbinsa ba ɗan'uwansa ba ne, ko garinsu ba ɗaya ba. Ya ce duk faya-fayan da aka ba ni irin wannan ne, na zaɓaɓɓun waƙoƙi.

Da a nan aka tsaya da na haɗiye. Mutum yakan yi kuskure a gyara masa, ni ma na sha farke ɗinkina da hannuna. Amma dattijon yana gamawa sai ya juya kan Dakta.

"To ka gani. Abin da nake gaya maka ke nan tun farkon kulle. In ka fara wa mutum da faifan zaɓe, ga inda yake ƙarewa."

"Ya ji shi sau talatin," in ji Dakta. "Wa ya ji sau talatin a cikinku? Da faifansu na farko na ba shi, da bai wuce waƙa ta uku ba."

Daga nan musu ya kaure, rabi Hausa rabi Turanci, ni ina tsakiyar allo da hulata. Ba wanda ya sake ce mini kai, sai shi, shi. A cikin hayaniyar na haɗa abin da ke faruwa. Ashe tun da aka sa dokar kulle suke gardama a kan yadda ya kamata a shigar da baƙo wannan kiɗan. Ɓangaren dattijon suna cewa a ba shi cikakken faifai yadda mawaƙan suka tsara shi, daga na farko. Ɓangaren Dakta suna cewa a ba shi na zaɓe, in ya kamu ya nemi sauran da kansa. Da suka rasa mai raba su, sai Dakta ya ce musu akwai wani a ƙasan gidansa mai kunne sabo fil, bai taɓa jin komai ba, zai gwada a kansa. Duk saƙon da nake aikawa, a ranar yake tura musu.

Ina cikin fatan ko ya rage ɗaya, sai mai tabarau ya ce shi dai saƙon kayan Sallar nan ne ya kusa sa shi canza ɓangare, don har matarsa ta yi hawaye da ya kunna mata.

Na nemi inda zan taɓa in fita ban gani ba. Matata ta nuna mini yadda ake buɗe murya, ba ta nuna mini yadda ake tashi ba, kuma na ji tsoron in danna wani abu in ɓata mata karatu. Haka na zauna har aka tashi, fuskata tana allo, kuma na ga da idona murmushi nake yi. Da aka zo sallama har godiya na yi musu ɗaya bayan ɗaya. A duk abin da ya faru ranar, wannan godiyar ce ta fi ci mini rai.

Matata ta fito ta tambayi yadda aka yi. Na faɗa mata, kuma dole na faɗa mata zancen yayana don ta gane. Ta ɗauki mayafi za ta hau sama, na tare ƙofa. Ta zauna, ta ce shekararmu goma sha biyu tare, sai bayan matar wani da ba mu sani ba ta ji sannan ita ta ji.

Washegari da hantsi Dakta ya sauko. Ya tsaya a bayan ƙofar ƙarfe da takunkumi a fuska, ni ina ciki.

"Yaya Tela, na ga kamar ranka ya ɓaci jiya."

"Ranar da na ce maka na lalata faifan, ka san abin da ya sa sautin ya bambanta?"

"Na sani."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

Ya ce da ya faɗa mini da na ji faifan yadda kowa ke jin sa, kuma abin da na ji ya fi gaskiyar daɗi, bai so ya ɓata mini ba. Ya ce ba wanda ya raina ni a taron, dukansu suna ganin girmana, dattijon ma ya ce a ƙara gayyato ni.

"Na yayana fa? Kai ka tura musu?"

"Ai shi ya fi duka kyau," in ji shi.

Yadda ake yabo haka ya faɗe ta. Na kalli idonsa a saman takunkumin, ban ga alamar yana jin ya yi wani abu ba. Na ce masa na gode, zan shiga in yi wanka. Ya ɗan jima a tsaye sannan na ji takunsa yana hawa.

A ranar na goge faya-fayansa huɗu, har da na huɗun da ban kai ga ji ba, na sa a leda na kai ƙofarsa na rataye. Bayan kwana uku na tarar da wata leda a tamu ƙofar, ya aiko saƙo cewa faifan farko na ƙungiyar nan ne, da kwalinsa da takardarsa. Na mayar masa ban buɗe ba. Bai sake aikowa ba.

Na daɗe ina auna nawa laifin, don ba na son in ɗora wa mutum abin da ba nasa ba. Ni na hana a kawo takarda. Ni ban taɓa ce masa kada ya tura wa kowa ba. Ni na yi ta aika saƙo ba wanda ya sa mini wuƙa. Kuma a kan gardamar tasu, ban ga ya yi kuskure ba. Faifan zaɓen ya kama ni, gaskiyarsa ce, da wani mai wuya ya fara mini wataƙila da na ajiye. Amma ko ni in na nuna wa mutum ƙyallayen yadi a shago, nakan ce masa waɗannan samfur ne, daga turame daban-daban aka yanko su. Magana ɗaya ce, ba ta rage wa yadin kyau. Da ya faɗa mini ita da na ci gaba da jin faifan da so, kuma da sirrin yayana yana inda na ajiye shi. Duk ta inda na bi lissafin, nan yake dawowa.

Da aka sassauta dokar, na je Brickfields neman zare da maɓalli a shagunan Indiyawa. Na gifta shagon tsofaffin faya-fayan, na wuce, na dawo, na shiga. Ban san sunan ƙungiyar ba, amma na gane zanen da ke jikin faifan. Na juya bayan kwalin. A gefen kowace waƙa an rubuta shekarar da aka yi ta. Lambobi ne kawai, ko ni ina iya karanta su. A ƙasa ga hoton mawaƙan biyu, ɗaya dogo mai baƙin gashi, ɗaya gajere mai ja, ko makaho ba zai ce 'yan'uwa ne ba. Mai shagon ya tambaya ko zan saya, na ce a'a, na ajiye a inda na ɗauka.

Shekara guda muka ƙara a gida ɗaya. In mun haɗu muna gaisawa, ya tambayi madam in tambayi iyali. Sau biyu ya ce mu sauka shan shayi, na ce ina da aiki, kuma a lokacin ina da shi. Da ya kare digirinsa ya zama Dakta na gaske, ya kawo mini shadda ruwan toka ya ce yana so ya sauka gida da ɗinkina. Na auna shi. Kafaɗa, hannu, tsawo, wuya, iyakar maganar da muka yi ke nan. Na ɗinka masa kamar yadda zan ɗinka wa kowa, na ma duba shi sau uku don kada zuciyata ta sa hannuna ya yi ha'inci ban sani ba.

Ranar tafiyarsa muka sauka raka shi bakin tasi, ni da matata da wasu maƙwabta biyu. An gama sa akwatuna, ya gaisa da kowa, ya zo kaina ƙarshe. Ya riƙe hannuna da hannu biyu.

"Yaya Tela, zama ya ƙare. In na yi maka wani abu, ka yafe mini."

Mai tasi yana jira, mutane suna kallo, kuma ba a barin matafiyi ya hau hanya da irin wannan a rataye.

"Na yafe," na ce. "Ni ma ka yafe mini."

Motar ta tashi. Muna hawowa na tambayi matata ko yafiyar da baki ya furta zuciya ba ta iso ba tana ƙirguwa. Ta ce wannan ni kaɗai zan sani. Na yi ta dubawa tun daga ranar, wani lokaci bayan sallah, wani lokaci ina kan keke, in tambayi kaina ko ta iso. Ina tsoron kada ya zama shi ya tafi da yafiyar da ya roƙa, ni kuma an rubuta mini ƙarya a bakin tasi.